Iya Ruwa Fidda Kai: Gyara Salon Iyon Sauri ta Hanyar Atisaye ga Yaran Batsari da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda yaran Batsari da Safana ke koyon iyo da kansu a kududdufai da rafuka, da irin kurakuran da wannan koyo ke bar musu a jiki. Ta kawo jerin atisaye biyar da masu horar da 'yan wasa ke amfani da su wajen gyara iyon sauri, wanda a fagen gasa ake kira firistayil, ta kuma nuna yadda za a iya yin su da kayan da ke ƙauye. Hujjar maƙalar ita ce, yaran yankin ba ƙarfin hali suka rasa ba, tsari suka rasa, kuma tsarin yana farawa daga numfashi da kwanciyar jiki a kan ruwa kafin a zo maganar gudu.

1.0 Gabatarwa

Da zarar marka ta kankama a watan Agusta, duk ramin da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari ya zama kududdufi, duk kududdufi kuma ya zama dandalin yara. Daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari zuwa Runka da Zakka a ƙasar Safana, abin da ido zai gani iri ɗaya ne. Yaro ya tuɓe riga ya faɗa tsundum, ya ɗago kai sama yana kaɗa shi hagu da dama, hannuwa na dukan ruwa fanjam-fanjam, ƙafafu na lilo can ƙasa. Zai yi taku goma ko goma sha biyar a haka, sannan ya miƙe tsaye yana haki. Idan ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sai dariya. Idan ba ta taɓa ba, sai labari ya canza.

Babu wanda ya koya wa wannan yaro. Ya ga yayyensa sun yi, shi ma ya yi. Iyaye kuwa makaminsu ɗaya ne, wato hani da bulala, kuma shekara da shekaru bulala ba ta raba yaro da kududdufi ba. Ga shi al'ummar ba ta ƙyamar iyo a asali, domin malamai kan kawo wasiyyar da ake dangantawa da Sayyidina Umar a kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Abin da ya rage shi ne a tambaya: tunda za su shiga, yaya za a koya musu su fita?

2.0 Ruwan Yankin da Haɗarinsa

Batsari da Safana ƙasar tudu ce da duwatsu da dazuzzuka, a gefen Dajin Rugu. Rafukanta na yashi ne. Da rani mutum zai ratsa su da ƙafa ko da babur, da damina kuwa su kawo cikin sa'a guda. Ruwan wannan ɓangare na Katsina yana bi ta kogunan Karaduwa da Bunsuru da Gada, daga ƙarshe ya tarar da Gulbin Rima. Manyan madatsun ruwa biyu ne ke maƙwabtaka da yankin: Zobe, kusa da Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983, da ta Jibiya a kan kogin Gada. Amma tunda rafukan na damina ne, mutumin yankin yana zaune da ruwa na 'yan watanni ne kawai a shekara. Ba kamar Sarkawan Yawuri ko Kabawan Argungu ba, waɗanda ɗansu ke tashi a bakin gulbi, uba ya koya masa, kaka ya gyara masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan mutuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita take faruwa. Yara da matasa su ne kan gaba. Arewa ta ɗanɗana nata rabon. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta kashe fiye da mutum 40. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a ruwan Bagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya. Iya iyo ba ya tare ambaliya, ba ya kuma maye gurbin rigar kariya a cikin jirgi. Amma tsakanin inda jirgi ya kife da gaɓa, ko tsakanin tsakiyar kududdufi da bakinsa, sau da yawa 'yan mitoci ne, kuma waɗannan mitoci su ne batun wannan maƙala.

3.0 Asalin Salon

Mai ganin gasar Olamfik a talabijin zai ɗauka iyon sauri ƙirar Turawa ne. Tarihi bai nuna haka ba. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa na 2018, ya tattara shaidun matafiyan Turai da suka ga mutanen gaɓar Afirka ta Yamma suna iyo da wurga hannu ɗaya bayan ɗaya, ƙarnuka kafin Turai ta san salon. A Landan a 1844, wasu 'yan asalin Amurka biyu sun nuna irin wannan iyo, 'yan kallo suka ga saurinsa amma suka raina shi don yawan fantsama ruwa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wani yaro ɗan tsibiran Solomon mai suna Alick Wickham ya yi shi a birnin Sidni na Ostareliya, masu horarwa suka ɗauke shi da gaske.

Daga nan lissafi ya shigo. Johnny Weissmuller ya zama mutum na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, a 1922, da daƙiƙa 58.6. A gasar Olamfik ta Faris ta 2024, Pan Zhanle na ƙasar Sin ya yi ta cikin daƙiƙa 46.40, wato sama da mita biyu a kowace daƙiƙa. Ba jikin ɗan Adam ne ya canza a shekara ɗari ba. Abin da ya fi canzawa shi ne fahimtar yadda jiki ke ratsa ruwa, musamman bayan da James Counsilman na Jami'ar Indiyana, wanda ya horar da gwanin iyo Mark Spitz, ya riƙa ɗaukar hoton 'yan iyo a ƙarƙashin ruwa, ya kuma fitar da littafinsa a kan kimiyyar iyo a 1968.

Misalin da ya fi kusa da yaron Batsari shi ne Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Ya je gasar Olamfik ta Sidni ta 2000 bayan 'yan watanni na koyo a ƙaramin wurin wankan otal, ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, kansa a sama, da ƙyar ya kai bango. Cikin 'yan shekaru da samun horo ya sauko ƙasa da minti ɗaya, daga baya ma ya zama mai horar da 'yan wasan ƙasarsa. Mutum ɗaya ne, ƙirji ɗaya, huhu ɗaya. Salo ne ya bambanta.

4.0 Abin da Ruwa Ke Yi wa Jiki

Abubuwa uku ne ya kamata mai koyarwa ya riƙe. Na farko, ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma turjiyarsa tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: wanda ya ninka saurinsa sau biyu zai gamu da turjiya kusan sau huɗu. Don haka rage turjiya ya fi ƙara ƙarfi riba, kuma ya fi arha.

Na biyu, huhu ne ke ɗaga mutum a ruwa, ƙafafu kuwa nauyi gare su. Duk lokacin da kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, jiki ya koma a karkace, faɗin ƙirji da ciki da cinyoyi duk su tare ruwa. Wannan shi ne babban kuskuren yaron kududdufi, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa. Yana dukan ruwa da hannu ne don ya riƙe kansa a sama, ba don ya ci gaba ba.

Na uku, gudu a ruwa haɗin abu biyu ne: nisan da wurgin hannu ɗaya ke kai mutum, da yawan wurgin da yake yi a minti. Binciken Craig da Pendergast na 1979 ya nuna muhimmancin nisan wurgi wajen bambanta gwani da ɗan koyo. Yaron ƙauye yana da saurin hannu har ya yi yawa. Nisa ne babu.

5.0 Atisaye Biyar, Bi da Bi

Atisaye a nan yana nufin a ciro gaɓa ɗaya daga cikin salon, a maimaita ta ita kaɗai a hankali har jiki ya saba, sannan a mayar da ita cikin cikakken iyo. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya tsallake na ɗaya zai wahala a sauran huɗun.

5.1 Fitar da kumfa

Wannan ba ya buƙatar tafki. Baho ɗaya na ruwa mai tsabta a farfajiyar makaranta ya isa. Yaro ya durƙusa, ya ja iska ta baki, ya tsoma fuska har ruwa ya kai gaban goshi, ya riƙa sakin iska ta hanci a hankali, kumfa na tashi ta gefen kumatunsa. Malam na tsugune kusa da shi yana ƙirga masa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ya juyar da fuska gefe, kunne ɗaya na cikin ruwa, ya ja iska, ya mayar. A karon farko kusan kowane yaro zai fizge kai sama yana share ido da hannu biyu. Malam ba zai tsawata ba, sai dai ya ce, “Sake, yarona, kunnenka ya zauna a ruwa.” A maimaita sau goma ta dama, sau goma ta hagu.

Dalilin atisayen a fili yake. Ɗan koyo yana riƙe numfashi ne idan fuskarsa ta shiga ruwa, sai gurɓatacciyar iska ta taru a jini, ƙirji ya ɗauki zafi, tsoro ya shigo. Idan ya ɗago kuma, dole ya fitar ya kuma shaƙa a lokaci guda, lokacin kuwa bai isa ba. Wanda ya saba fitarwa a cikin ruwa, shaƙa kawai ta rage masa a waje. A nan ne kuma ya kamata a hana gasar daɗewa a nutse da yara ke yi, musamman idan sun fara da jan numfashi da sauri-sauri, domin tana iya sa mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da wata alama ba.

5.2 Miƙewa da sulalewa

A ruwan da bai wuce ƙugu ba, yaro ya haɗa hannuwa a gaba, tafi bisa tafi, damatsa na matse kunnuwa, ya tura ƙasa da ƙafa ya sulale, idonsa na kallon ƙasa, ba ya motsa komai har ya tsaya. Nan ne yaro ke gano da jikinsa cewa ruwa na ɗaukarsa. Bayan haka a ƙara bugun ƙafa: ƙanana, daga ƙugu, gwiwa ba ta lanƙwashe sosai ba, idon sawu a sake. Jarka mai lita huɗu da aka toshe bakinta tana iya zama abin riƙo a gaba, kamar yadda masuntan Argungu ke dogara da gora a kogin Matan Fada. Amma jarka abin koyo ce kawai, ba abin ceto ba. A wannan mataki ne kuma ake koya wa yaro juyawa rigingine ya huta, fuska a sama, domin wannan ita ce mafakarsa duk ranar da ya gaji a tsakiyar ruwa.

5.3 Kwanciyar gefe da juyi

Gwanin iyo ba a kife yake tafiya ba, yana mirginawa ne daga gefe zuwa gefe. Don koyon haka, yaro ya kwanta a gefen dama, hannun dama a miƙe gaba, na hagu a kan cinya, kafaɗar hagu a waje, yana buga ƙafa. Ya ƙirga bugu shida, ya yi wurgi ɗaya, ya koma gefen hagu, ya sake ƙirga shida. Amfanin biyu ne. Mirginawa tana kawo baki wajen iska ba tare da an ɗaga kai ba, tana kuma sa manyan tsokokin baya su shiga aikin ja, maimakon a bar wa kafaɗa ita kaɗai. Alamar da malam zai duba daga gaɓa ita ce, idan yaro ya juyo shaƙar iska, ido ɗaya ya kasance a cikin ruwa.

5.4 Jiran hannu da hannu ɗaya

A atisayen jiran hannu, hannu ɗaya na miƙe a gaba, ba zai fara ja ba sai ɗayan ya zagayo ya taɓa shi. Ana iya ba yaro guntun kara ya riƙa miƙa wa hannun da ya iso. Wannan ne maganin garaje, domin yana tilasta wa mai dukan ruwa ya jira, ya ji yadda jiki ke tafiya tsakanin wurgi da wurgi. Ɗan'uwansa shi ne iyo da hannu ɗaya, ɗayan na hutawa a gaba. Shi kuma yana tona asirin hannun da ya fi rauni, yana kuma ba malam damar ganin inda hannu ke shiga ruwa. Daidai shi ne ya shiga a saitin kafaɗa, yatsu a gaba, kada ya tsallaka tsakiyar kai, don tsallakawar ce ke sa jiki ya riƙa karkacewa.

5.5 Dunƙule hannu

Hannuwa ne ke kawo mafi yawan tafiya a iyon sauri, amma ba tafi kaɗai ke ja ba. Daga yatsu har gwiwar hannu duk matuƙi ne, matuƙar gwiwar ta tsaya a sama, sangalin hannu ya sunkuya ƙasa da wuri, kamar mai rungumar randa zai jawo ta jikinsa. Don yaro ya ji wannan, sai a sa shi iyo da hannu a dunƙule. Da farko zai ji kamar ba ya kama komai. Jiki da kansa zai nemi mafita, ya fara amfani da sangali. Idan ya buɗe tafi bayan zagaye biyu, zai ji ruwa ya cika masa hannu fiye da da.

6.0 Awo da Iyakar Atisaye

Horon da ba a auna shi ba, hasashe ne. Awon da ya dace da ƙauye ba ya buƙatar agogo: a kafa turaku biyu, a auna tsakaninsu da igiya, a ƙirga wurgin da yaro ya yi daga wannan zuwa wancan, a rubuta a littafi. Idan a makon farko ya yi 30, bayan wata guda ya yi 22 ba tare da haki ba, salo ya gyaru, ko da gudunsa bai ƙaru ba tukuna. Yara na son wannan ƙirge, domin gasa ce da wanda ya fi natsuwa ke cinyewa.

Atisaye kuma yana da illarsa idan aka zarce. Didier Chollet da abokan aikinsa a Faransa sun fitar da ma'aunin daidaiton hannuwa a shekarar 2000, suka nuna cewa idan gwanaye suka ƙara gudu, giɓin da ke tsakanin jan hannu ɗaya da na biyu yana raguwa har ya ɓace. Wanda ya daɗe a jiran hannu kaɗai zai saba da tsayawa a inda bai kamata ba. Ƙa'idar ita ce a gwama: tsallake ɗaya na atisaye, tsallake ɗaya na cikakken iyo, kuma gyara ɗaya tak a kowane zama. Yaron da aka ce masa ya kula da kai da ƙafa da gwiwa a lokaci guda ba zai kula da ko ɗaya ba.

7.0 Ina Za a Yi Horon?

Wannan ce tambaya mafi nauyi, domin ruwan yankin na ɗauke da tsargiya. Masu bincike daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma sun wallafa nazari a 2016 a kan ɗaliban sakandare na ƙananan hukumomin Safana da Dutsin-ma, kewayen madatsar Zobe, suka tarar da cutar a tsakaninsu, kuma ta fi yawa ga maza. Ƙwayar cutar na fita da fitsarin mai ɗauke da ita, ta shiga dodon koɗi, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Shirin da zai tara yara a kududdufi don ya cece su daga nutsewa, ya mayar da su gida da fitsarin jini, bai yi adalci ba.

Bangaladash ta fuskanci matsala mai kama da wannan ta fuskar rashin wuraren iyo. Tun 2006 shirin SwimSafe ke kafa dandamalin sandunan gora a cikin tafkunan ƙauye, a killace wuri marar zurfi, matasan garin da aka horar su koya wa yara. Jarrabawar fita mai sauƙin faɗa ce: iyon mita 25, tsayuwa a kan ruwa na daƙiƙa 30, da sanin yadda ake ceto daga gaɓa da sanda ko igiya. Nazarin da aka buga a 2012 ya nuna mutuwar nutsewa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a tsakanin yaran da suka kammala. Tsarin koyarwar abin ɗauka ne. Tafkin ƙauye kuwa, saboda tsargiya, ba zai yi wa Katsina ba sai jami'an lafiya sun tantance shi.

Abin da ya fi dacewa shi ne kwarmin siminti mai tsawon mita 12.5, zurfinsa bai kai mita ɗaya ba, a cikin makaranta mai katanga, a cika shi daga rijiyar burtsatse, a riƙa sa masa sinadarin kulorin, a kuma kulle shi idan ba a darasi. Tsallake biyu sun ba da mita 25. Kasancewarsa cikin gari yana da wata fa'idar, ganin halin tsaron da Batsari da Safana suka sha fama da shi, wanda ya sa tara yara a bayan gari ba abin da iyaye za su yarda da shi ba ne. Katanga kuma tana buɗe ƙofa ga 'yan mata, da malama mace, da ranarsu daban, da sutura mai rufe jiki. Su ne ke zuwa wanki da ɗibar ruwa, su ne kuma aka fi bari ba su iya ba.

8.0 Kammalawa da Shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa kurakuran yaron kududdufi sanannu ne, tushensu ɗaya, maganinsu kuma an daɗe da gwada shi. Nijeriya ba ta rasa gwanaye ba: Abiola Ogunbanwo ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 59.74 a gasar Olamfik ta Tokiyo, ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta sauko ƙasa da minti ɗaya. Sai dai burin farko a Batsari da Safana mita 25 ne, ga kowane yaro da yarinya daga shekara 6 zuwa sama, shekarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara irin wannan koyarwa.

Ana ba da shawarar abubuwa huɗu. Sashen ilimin motsa jiki na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma ya horar da malaman firamare maza da mata a kan atisayen nan biyar, da ceto daga gaɓa, da farfaɗo da wanda ya sha ruwa. Kowace ƙaramar hukuma ta fara da kwarmi ɗaya na gwaji a hedkwatarta, malami ɗaya kada ya wuce yara biyar a cikin ruwa. A haɗa darasin da rabon maganin tsargiya da ake yi a makarantu, a kuma nemi goyon bayan Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, tare da limamai da masu unguwanni, domin iyaye su saki 'ya'yansu da natsuwa. Atisayen baho kuwa, tun da ba ya jiran gini ko kasafi, a fara shi a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a kuma yi jarrabawar rukunin farko a ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 don yaƙi da nutsewa a ruwa.